Sa Hannun 'Yar Kawu a Fayil ɗin Sola

'Yar kawuna ta shekara ashirin da shida a ƙarƙashin bene. Ba gidan haya ne ya gagare ta ba, nan ofishinta yake. In ka shiga ma'aikatar ilimi ka wuce mai gadi, kada ka hau sama inda manya ke shan sanyin na'ura. Karkata hagu, ka ɗan sunkuya, za ka ga wata taga mai sandunan ƙarfe uku da benci a gabanta. A bayan tagar take zaune, ita da fayil-fayil ɗin ma'aikatar gaba ɗaya. Wata goma sha huɗu ya rage mata ta yi ritaya, ba a taɓa rubuta mata ko layi ɗaya na laifi ba, sai ga takardar tuhuma. Labarin yadda aka yi ke nan zan ba ku.

Uwata ƙanwar ubanta ce, don haka abokiyar wasata ce, ko da yake ta ba ni shekara goma sha ɗaya. Ina ce mata Uwar Takardu. Ita kuma ɗan Gwaggo take ce mini, in na ƙure ta ta ce Direba, don tasi nake ja tun da ni da lissafi muka raba gari a aji biyu na sakandare.

Ɗakin nan nata, in aka jera fayil ɗin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, na rantse sai sun kai bakin teku sun dawo da saura. Ɓerayen ciki sun fi ni karatu. Amma ka faɗa mata lamba kawai, ba ta ko ɗaga kai, za ta miƙa hannu baya ta zaro maka shi kamar mai ciro cokali a kwando. Takan yi musu magana ma. Na taɓa zuwa ɗaukarta na ji tana cewa, “Kai kuma ina ka shiga wata biyu? Dubi yadda suka yaga maka baya.” Na leƙa, na ɗauka baƙo ta yi. Fayil ne a cinyarta tana liƙe shi da gam.

Na ce, “Uwar Takardu, in ya amsa ki kira ni in kawo jama'a, mu riƙa karɓar kuɗin kallo.”

Ta ce, “Ya fi ka jin magana, shi in na ajiye shi nan nake tarar da shi.”

Mijinta ya rasu shekara tara ke nan, Allah ya jiƙansa. 'Yarsu ɗaya ce, aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa, takan bugo waya ranar Lahadi. Na taɓa duba agogo, minti huɗu, rabinsa kuma “kina ji na?” ne. Gidan ciki da falo ne, a share tas har mutum ya ji kunyar takalminsa. Kujerar marigayin na nan gefen rediyo, ba ta zama a kai, ba ta kuma hana kowa, sai dai babu mai zuwa ya zauna. In na sauke ta da yamma takan ce, “Ba ka shigowa?” Ni kuma kullum fasinja na gabana. Nakan ce gobe. Goben nan ta fi dubu.

To, ga yadda aikinsu yake. Akwai wani babban littafi mai baƙin bango, littafin shiga da fitar fayil. Kowane layi gida huɗu ne: kwanan wata, lambar fayil, inda za shi, sai gidan ƙarshe inda wanda ya karɓa zai sa hannu. Ƙananan ma'aikata suna sawa, don in ba su sa ba, ba ta saki. Na sama kuwa ba sa saukowa. Darakta sai dai ya aiko masinja, wani dattijo mai ciwon gwiwa, ya tsaya a taga yana haki ya ce, “An ce a kawo fayil kaza.” Shi masinjan ba ya sa hannu. Ya ce tun yana saurayi ya sa hannu a kan wata takarda da bai san cikinta ba, ya kwana biyu yana amsa tambayoyi, daga ranar ya yi wa biro saki uku.

Sai gidan ƙarshe ya zauna wayam. Uwar Takardu kuwa ta gwammace ta ga gashi a cikin shayinta da ta ga giɓi a littafin nan. Wanda ya koya mata aiki ya taɓa gaya mata cewa littafi mai giɓi abin kunyar mai riƙe da shi ne, ta riƙe maganar kamar wasiyya. Saboda haka duk fayil ɗin da ya hau sama babu mai sa hannu, sai ta ɗauki rula, ta daidaita, ta rubuta sunanta a gidan. Ba irin sa hannun manya ba da ke kama da kaza ta taka tawada. Cikakken suna, harafi bayan harafi, makaho ma ya karanta daga tsallaken titi. A tunaninta tana nufin, ni na ba da shi, na san inda yake. Shekara da shekaru haka take yi, ba wanda ya ce mata uffan. Masu duba aiki ma yabon tsabtar littafin suke yi.

Fayil ɗin da ya jawo magana na wata makaranta ce a can ƙarshen gari, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Gwamnati ta saya musu kwamfuta arba'in, aka kai da jiniya da masu hoto. Bayan an watse aka tuna unguwar ba ta da wuta. Sai aka ware kuɗin sola a kasafin shekara. Amma ba a kafa sola a ginin gwamnati sai hukumar makamashi ta ba da izini, izinin kuma wata shida yake yi ya mutu. Ba a sakin kuɗi sai da izini mai rai da sa hannun Darakta. Izini ya zo, fayil ya hau sama, ya kwanta a teburin Darakta wata takwas. Ranar da ya waiwaye shi, izini ya daɗe da zama gawa. A sake nema, a sake jira, fayil ya sake hawa ya sake kwanciya. Sau uku ana wannan zagaye, shekara uku cif, kwamfutoci na cikin kwali.

Shugaban makarantar wani dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Duk Talata sai ya zo da lemarsa, ko da rana ko da hadari, ya zauna a bencin nan. Sama ba sa ganinsa, kullum “ana taro”. Ita kaɗai ke gaya masa gaskiya.

“Malam, yana sama. Yau kwana ɗari da tara.”

“To, Allah ya sauko da shi lafiya. Yaya ƙafar?”

“Da sauƙi. Yaya yaran?”

“Suna nan suna zana kwamfuta a allo. Jiya wani ya zana har da wayar wuta, na ce ya goge wayar, kada ya yi wa gwamnati ƙarya.”

Sai ta yi dariya, ta zuba masa shayi daga fulas. Da can murfin fulas ɗin ne kofinta. Wata rana na ga sabon kofi mai fure a kan kantar tagar.

Na ce, “Uwar Takardu, wannan kofin na wane ne? Ko in fara gyara mota, a ɗaura mata balan-balan?”

Ta ce, “Direba, mutumin nan yana da jikoki bakwai. Ka ji tsoron Allah.”

“Ke ce dai kike ɓoye fayil ɗin a ƙarƙashin kujera don Talata ta riƙa zuwa.”

Ta jefe ni da murfin biro. Da na san abin da ke tafe da ban yi wannan wasan ba, don daga baya kusan abin da aka rubuta ke nan, ba kuma da wasa ba.

Uban wani ɗalibi ne ya kira gidan rediyo ya fasa ƙwai. Kwana biyu hoton kwalayen ya cika wayoyin mutane, ana cewa har mage ta haihu a cikin ɗaya. Ni na ƙara da cewa 'ya'yan magen sun girma sun yi aure a ciki, fasinjojina suka yarda. Aka kafa kwamitin bincike, a gano inda kuɗin ilimi ke maƙalewa da wanda ya danne fayil. Abu na farko da suka nema shi ne littafin shiga da fita.

Ranar wata Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ba ta taɓa kirana a lokacin aiki ba, ko ranar da ta faɗi a matattakala sai da aka tashi ta faɗa mini.

“Ɗan Gwaggo, kana kusa?”

Na sauke fasinja biyu a tsakiyar hanya suna zagina har kakata. Na same ta a bakin ƙofar ma'aikata, ta rungume jaka. Ta shiga gaba, ta miƙo mini takarda.

Na ce, “Kin san ni da Turanci sai gaisuwa. Fassara.”

Ta fassara mini, muryarta kamar mai karanta labarin wani. An ce littafi ya nuna cikin wata talatin da shida, fayil ɗin ya yi ashirin da biyar a hannunta, ga sunanta a gidan wanda ya karɓa har sau uku. An ce ta yi bayani cikin mako guda dalilin da zai hana a kore ta.

“Kora fa? Da fanshon da komai?”

“Haka dokar ta ce.”

“To ki ce Darakta ne. Ki faɗa da ƙarfi har na waje su ji.”

“Zan faɗa. Amma a ina aka rubuta?”

“A cikin fayil ɗin mana. Ba ya rubutu a ciki?”

“Yana yi. Ranar da ya sa hannu kaɗai yake rubutawa. In ka duba sai ka ce da safe fayil ya iso masa, kafin azahar ya sallame shi. Ba wanda ya kai shi sauri a takarda.”

Ban kunna mota ba. Muka zauna muna kallon masu shiga da fita. Can ta ce, “Ba korar ce ta fi damuna ba. Za a rubuta cewa ni na hana yara karatu. Takarda kuma ba ta mutuwa, ni na sani, ni ke ajiye su.”

Makon nan na zama lauya ba lasisi. Na tare masinja a wajen mai shayi, na saya masa burodi mai girman matashin kai. Ya cinye tas, sannan ya ce, “Ɗana, shekara biyu ta rage mini in yi ritaya. Ni ɗauka nake in kai, ba na duba lamba. In na ce na tuna, ƙarya na yi. In na ce ban tuna ba, na ci amanarta. Ka bar ni da gwiwata.” Shugaban makaranta ya rubuta wasiƙa shafi uku yana wanke ta. Kwamiti suka ce sun gode, amma duk abin da ya sani game da inda fayil yake, daga bakinta ya ji.

Ranar zaman kwamiti ni na ɗauko mata littattafan, guda huɗu, kowanne ya yi nauyin buhun siminti. Da wannan dabarar na shiga ɗakin taron, na lafe a bayan ƙofa, ba wanda ya tambaye ni. Mutum biyar a dogon tebur, kowa da robar ruwa a gabansa. Darakta na gefe yana latsa waya. Ita aka ba ta kujera a tsakiyar fili, ba tebur, ta ɗora jaka a cinya.

Shugaban kwamitin ba mugu ba ne, na ga alama. Ya buɗe shafin, ya juyo mata da shi.

“Baiwar Allah, wannan sa hannunki ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“Wani ya tilasta miki?”

“A'a.”

“Me aka rubuta a saman gidan nan?”

“Wanda ya karɓa.”

“Ke kika karɓa?”

“Ni na bayar. Sama ya tafi, ofishin Darakta. Ga shi nan a gida na uku na rubuta.”

“Gida na uku inda aka yi niyyar kai shi ne. Na huɗu ne ke nuna ya isa. To me ya sa kika sa hannu a kan abin da ba ki karɓa ba?”

Na yi ta roƙon Allah a raina ta ce tsoro ne, ta ce an matsa mata, ta ƙirƙiro wani abu. Ni da an ba ni minti biyu da na kawo musu aljanu a maganar. Ita kuwa sai ta ce, “Ranka ya daɗe, ba ya kyau a bar layi haka babu komai.”

Wata mata a cikinsu ta rufe baki da hankici. Shugaban ya cire tabarau ya murza ido. Aka juya ga Darakta. Ya ajiye waya, ya ce shi fayil ɗari yake gani a mako, ba zai ce ya tuna kwanan kowanne ba, shi ya sa aka yi littafi. Ya ce kuma a duk ma'aikatar babu littafin da aka yarda da shi kamar nata, kowa shaida ne. Har ya juyo ya yi mata murmushi. Ban taɓa ganin an yanka mutum da yabo ba sai ranar.

Bayan sati uku sakamako ya fito. Ba a kore ta ba, an duba daɗewarta. An ba ta takardar gargaɗi, an ɗauke ta daga taga an mai da ita sito na bayan gini, inda ake tara fayil ɗin da aka rufe, ta ƙarasa watanninta a can. A rahoton da aka karanta a rediyo an ce jinkirin ya samo asali ne daga sakacin wata ma'aikaciyar rajista, an kuma ɗauki mataki. An ba da shawarar manyan jami'ai su riƙa sa hannu da kansu. Shawara ce dai.

Fayil ɗin kuwa, wanda ya shekara uku yana jan ciki, cikin kwana huɗu ya samu izini da sa hannu da hatimi. Kafin wata biyu an kafa sola.

Ranar da za ta bar tagar, sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo ba ta san inda fayil ɗin ma'aikata suke ba. Uwar Takardu da kanta ta zaro nata, siriri kamar ba na shekara ashirin da shida ba. Ta huda takardar gargaɗin, ta zura igiya, ta rubuta lambar shafi a kusurwa da jan biro, goma sha tara, ta mayar da shi mazauninsa. Ina tsaye ina riƙe da kwalin kayanta. Na nemi abin tsokana a kaina, ban samu ba.

Siton ba shi da taga ta wajen mutane, ba benci. Ƙofa ɗaya ce da kwan fitila ɗaya. Fayil ɗin ciki na waɗanda suka mutu ne da makarantun da aka rushe, ba mai nemansu. Ta ce mini wani lokaci tun safe har a tashi, muryar da take ji ita ce ta mai shara in ya ce a ɗaga ƙafa. Shugaban makaranta ya zo sau ɗaya, ya tarar da baƙuwar fuska a taga, ya bar sallahu a gaishe ta. Sallahun ya yi kwana tara kafin ya zagayo bayan gini. 'Yarta ba ta sani ba har yau. Ranar Lahadi in ta ce, “Mama, ya aiki?” sai ta ce, “Aiki da godiya.”

Wata Alhamis na je ɗaukarta, ta shiga ta ja ƙofa, ta ce, “Ɗan Gwaggo, kana da mai?”

“Ina da na zuwa bangon duniya, dawowa ce ban sani ba.”

“Kai ni in ga makarantar nan. Ban taɓa ganinta ba.”

Muka bi gari har kwalta ta ƙare, motata tana kuka kamar an taka mata wutsiya. Mun isa bayan la'asar, an daɗe da tashi. Gini biyu ne dogaye da fili a tsakiya, ƙofar ƙarfe a rufe. A kan rufin na dama faya-fayan sola suna jere, rana na dukansu. Ta fito, ta tsaya a jikin wayar shinge, ta kama da hannu ɗaya.

Ta ce, “Ashe ƙarama ce. A takarda na ɗauka ta fi haka.”

Mai gadi ya taso daga inuwa yana gyara hula. “Hajiya, wa ake nema? Shugaba ya tafi tun ƙarfe biyu. In saƙo ne a bari.”

Na buɗe baki zan zuba masa tarihi, in ce wannan da kake gani ita ta yi renon fayil ɗinku shekara uku. Ta taka mini ƙafa.

“Ba kowa, Baba. Wucewa muke.”

Ta ci gaba da kallo. Ta tagar wani aji ana hango fanka tana juyawa a sama, ba kowa a ciki, kujeru a kife kan tebura.

Ta ce, “Baba, an bar fanka a kunne. Za ta shanye batir kafin safe, yara su zo ba wuta.”

Ya waiga ya duba. “Makullin na wajen shugaba. Sai gobe.”

“To ka faɗa masa goben.”

“In ce in ji wa?”

Ta ce, “Ka ce kai ka gani.”

Muka juyo muka dawo gari. Na tsaya a ƙofar gidanta. Ta sauka, ta daɗe tana laluben makulli a jaka. Wani mutum ya ɗaga mini hannu daga tsallake yana kiran tasha. Na yi masa alamar ba ni zuwa, na kashe mota, na zauna ina jira har ta samo makullin.